Ƙuli-ƙulin Inna a Kejin Jan Kati

Har yau a garinmu wasu cewa suke ɓera ne ya cije ni, na tsorata, na faɗi jarrabawa. Wasu kuma sun rantse kama ni aka yi ina satar abincin ɓeraye ina kawo wa awakin Inna. Duk ƙarya ne. Ban faɗi jarrabawa ba, domin a waccan shekarar ko ƙofar zauren ban taka ba. Batun sata kuwa, a juye suka ji shi: daga gidanmu na riƙa ɗiba ina kai wa ɓerayen.

Garinmu yana bayan Tofa, inda gona take manne da gona, in ka jefa dutse sai ya faɗa cikin geron wani. Na gama sakandare na zauna shekara biyu, ina tsintar wake, ina ɓarar gyaɗa, ina faɗa da kowa. Zaman ya ishe ni. Sai wani ƙanen Baba da yake gadi a wata cibiyar bincike a birni ya kawo labarin ana ɗaukar masu koyon kula da dabbobin gwaji. Wata tara ana koyo, daga nan a zauna jarrabawa, wadda ta ci a ba ta takardar shaida, da ita za ta iya aiki a kowane ɗakin bincike. Ban ma tambayi wace irin dabba ba. Ni dai in fita.

Da na dawo gida Asabar ɗin farko na faɗa musu fararen ɓeraye ne, Baba ajiye lomarsa ya yi.

"Ɓera?" ya ce. "Shekara shida kina sintirin makaranta, ƙarshenta ki zama baiwar ɓera? Ai ga su nan cike da rumbu, ki fara da na gida mana. Ko su ba su da satifiket?"

Na ce, "Waɗannan ba irin naka ba ne, Baba. Su wanka ma ake yi wa kejinsu."

"To Allah ya ba su lafiya. Mu da muke tuwo sau ɗaya sai mu yi ta haƙuri."

Gaskiya ya faɗa. Shekarun nan ne da kuɗin mota ya fi ƙarfin kowa, mudun masara ya zama abin da ake tambayar farashinsa a wuce. Kuma komai ka saya sai ka tarar an yi masa algus. Man gyaɗa a haɗa shi da wani mai, garin barkono a cuɗe shi da dusa. Takin zamanin da Baba ya sayo a daminar, da ya zuba a ruwa sai yashi ya kwanta a ƙasan bokiti. Duk wanda ya rayu a lokacin ya koyi abu ɗaya: in ka ga abu ya canja kala, to wani ya cuce ka.

Ɗakin dabbobin dogo ne, fankoki na juyawa, kejina jere a kan kantoci har sama da kaina, kowane keji da katinsa. Shugaban ɗakin wani dattijo ne da kowa ke ce wa Malam. Ya fi shekara talatin yana aikin, kuma magana a wurinsa kamar sayen ta yake yi. Shi ya koya mini komai. In wanke hannu, in sa farar riga da takalmin roba da takunkumi kafin in shiga, kuma ban da turare. In kama ɓera ta gindin wutsiya, in tallafe shi a tafin hannu, kada in bar shi yana lilo. In canja dusar katakon da suke kwana a kai, in wanke kwalaben ruwa, in duba ido da hanci da kashinsu. In ɗora kowanne a sikeli in rubuta nauyinsa. Ranar farko da ɗaya ya yi mini fitsari a hannu na yi tsaki, Malam ya ce, "Gaisuwa ce. Amsa masa."

Kowane mai koyo yana da littafin aiki. Duk abin da ka yi wa dabba a rana sai ka rubuta, duk ƙarshen sati Malam ya duba ya sa hannu. In babu sa hannunsa na ƙarshe a shafin baya, sunanka ba zai shiga cikin masu jarrabawa ba, kuma sau ɗaya ake yin ta a shekara. Malam yana da magana guda da ba ya gajiya da ita: "Abin da ba ki rubuta ba, ba ki yi shi ba. Abin da kika yi ba ki rubuta ba, shi ne mai kashe mu." Na ji ta har ta daina shiga kunnena.

Ina son aikin, abin da ban taɓa faɗa wa Baba ba. Hannuna yana da sauri, ba na tsoro, ba na ƙyama. Matsalata ɗaya ce, ba na iya jira.

A wata na takwas Malam ya damƙa mini kanta guda ni kaɗai. 'Yan ɓeraye ne da aka yaye, goma sha biyu masu koren kati, goma sha biyu masu jan kati. Masu koren kati a ba su abinci daga koren bokiti, irin wanda na saba gani, ƙwayoyi masu ruwan ƙasa. Masu jan kati a ba su daga jan bokiti. Na buɗe jan bokitin na ga abincin fari fat.

"Malam, me ya sa nasu fari?"

"Ki bi kati," ya ce, ko juyowa bai yi ba.

Na bi kati. Kwana goma ban cika ba na ga abin da ba na so. Masu koren kati suna ta girma, gashi luf-luf, suna kokawa. Masu jan kati sun tsaya cak. Gashinsu ya tashi, ya yi wani rawaya-rawaya, ƙashin bayansu ya fito, sai su dunƙule a lungu suna kallona. Na murƙushe ƙwaya ɗaya ta farin abincin na ɗanɗana. Ni 'yar manomi ce, ba sai an kai shi wani gwaji ba: garin rogo ne, da ɗan abin da ba a rasa ba. Nan take na yanke hukunci. An yi wa abincin ɓeraye abin da aka yi wa takin Baba, mai kawowa ya ci rabonsa, su kuma nan ba sa so a zubar, shi ne aka ware wasu bayin Allah aka ce su cinye.

Na sake zuwa wurin Malam. "Malam, na jan katin nan fa ramewa suke yi."

"Kin rubuta nauyinsu?"

"Na rubuta."

"To shi ke nan."

Shi ke nan! Na fito ina huci. A raina na ce ko dai tsohon nan bai damu ba, ko kuma da shi aka raba.

A gidanmu akwai doka da ta girme ni. Inna ba ta kai loma baki sai ta zuba wa awaki harawa ta canja musu ruwa, ko da kuwa azumi aka kai. Tun muna yara take cewa dabbar da ka ɗaure ba ta da baki sai naka, kuma ranar gobe ƙiyama za ta tsaya ta yi ƙararka. Wannan Asabar ɗin na same ta tana suyar ƙuli-ƙulin da take kaiwa kasuwa, na zauna na zayyana mata komai. Inna ta tsani ɓera fiye da kowa a duniya, kyanwa biyu take kiwo saboda su. Amma ta tsaya da matsamin a hannu.

"Ke kike kulle su?"

"Ni ce."

"Ke kike zuba musu abincin?"

"Ni ce, Inna."

"To ko ɓera ne, a wuyanki yake."

Ta tattara gutsattsarin da suka farfashe a kasko, waɗanda a shekarar su muke dakawa mu yi kwaɗon zogale, ta ƙulle mini a leda. Yayata tana zaune a gefe da 'yarta mai shekara biyu a cinya, ta zo gida kwana biyu saboda yarinyar ba ta jin daɗi, an ce haƙori ne. Ta ce, "Wallahi duniya ta zo ƙarshe. Ɓera da ƙuli-ƙuli, mu da kallo." Muka yi dariya, har da ni.

Ranar Litinin na bi ta Dawanau zuwa birni da sassafe, ledar tana cikin hijabina. Malam sai takwas yake zuwa, ni bakwai ina ciki. Na murmushe ƙuli-ƙulin na zuba wa masu jan kati. Ban taɓa ganin dabba ta ci abu da irin wannan haɗamar ba. Suna riƙe shi da hannu biyu kamar mutane. Haka na yi kullum har sati uku, duk Asabar Inna ta sake ƙulle mini wani. Gashi ya kwanta, ciki ya cika, suka fara hawa ƙarfen keji. Ina ɗora su a sikeli ina rubuta nauyin gaskiya, ina jin kaina kamar wadda ta gyara abin da manya suka ɓata. Ƙuli-ƙulin kam ban rubuta shi ba. Na san dai ba a shigo da abinci daga waje, kuma ba na son surutu.

Sati biyu ya rage a rufe sunayen masu jarrabawa sai mai ɓerayen ta zo. Ban ma san suna da mai su ba. Wata mata ce mai karatun babban digiri, muna ce mata Malama, da tsohon ciki, tana tafiya tana dafa bango. Ashe kwantar da ita aka yi a asibiti, shi ya sa ban taɓa ganin ta ba. Ta karɓi littafin nauyi tana dubawa a tsaye. Ta juya shafi, ta dawo baya, ta sake juyawa. Sai ta jawo kujera ta zauna.

"Malam, wannan ba daidai ba ne. Na jan kati sun kusa kamo na kore."

Malam ya leƙa. "Haka sikeli ya nuna."

"To ai bai kamata ba! Da hannuna na haɗa abincin nan. Na cire duk abin da ke gina jiki, da gangan, don su yi tamowa irin ta yara. In sun rame sati biyar, sannan in fara ba su haɗin kunun da nake gwadawa, gero da waken suya da gyaɗa, in ga ko zai tashe su, kuma a kwana nawa. Yanzu me zan tasa? Ga su nan kamar 'ya'yan hakimi."

Ina tsaye da kwalbar ruwa a hannu.

Ba wanda ya kalle ni. Malama kanta take zargi. Tana ta lissafi da yatsu, ko ta yi kuskure wajen awo, ko masu niƙa sun haɗa mata da ragowar waken wani. Ta ce za ta ɗebi abincin ta kai a gwada, in ya fito daidai to ba ta san inda za ta sa kanta ba, domin malaminta ya ce lallai ta gama wannan kashin kafin ta haihu. Ta cika 'yar kwalba da farin abincin, ta ce mini, "Sannu ƙanwata, kina ƙoƙari, kejin nan tsaf," ta fita tana dafa bango.

Ranar Talata ce. Daga nan zuwa Asabar ban zauna wuri ɗaya ba. Na wanke kwalaben da na riga na wanke. Na share ɗakin sau uku a rana har Malam ya ce in bar wa siminti fatarsa. Na daina zuba ƙuli-ƙulin, ragowar yana cikin jakata yana wari kamar zai yi magana. Lissafin a fili yake: in na yi shiru, gwajin abinci zai fito daidai, a ce abin ya ɗaure kai, Malam ya sa mini hannu, in zauna jarrabawa. In na yi magana, wata tara sun tafi.

Da na isa gida abin da na fara gani 'yar Yaya ce a kan tabarma. Sati nawa ina ganin ta, amma ranar ce na kalle ta. Gashin ya yi ja ya yi laushi, ƙafafun sun kumbura, ba ta kuka, ba ta wasa, kallo kawai. Na san wannan kallon. Na gan shi a lungun keji. Na ce wa Yaya, "Wannan ba haƙori ba ne, ki kai ta asibiti ranar Litinin." Ta ce, "Likitar ɓeraye ta fara duba mutane." Na daka mata tsawar da sai da Inna ta leƙo daga madafa.

Bayan la'asar na faɗa wa Inna komai a gindin turmi.

"To ai ke alheri kika yi," ta ce.

"Alherin da ya rusa aikin wata."

"Da gangan suke sa dabba yunwa? Wannan wane irin ilmi ne?"

"Don irin waccan," na ce, na nuna tabarmar da haɓa.

Inna ta daɗe tana kankare turmin da ba komai a cikinsa. Can ta ce, ƙasa-ƙasa, "Wa ya gan ki?"

"Ba kowa."

Ashe Baba yana bayan danga yana gyaran ƙotar fartanya. Ya ce, "Ai shi ke nan. Ɓera dai ba zai yi magana ba." Na ɗauka ya gama, irin tsokanarsa ce. Sai ya ci gaba, yana bubbuga ƙotar a ƙasa. "Mai takin nan ma haka ya ce a ransa. Gero ba zai yi magana ba. Je ki duba gonar arewa ki gani ko bai yi ba."

Na ji haushinsa ƙwarai, don na so a ce wani ya ba ni izinin yin shiru.

Ranar Litinin na jira Malam ya zauna, Malama ma ta zo karɓar littafi. Na ciro ledar na dire a kan tebur.

"Ba abincinki ba ne, Malama. Ni ce. Sati uku ina ba su wannan."

Malam ya kwance ledar, ya shinshina, ya gutsira ya tauna. "Wa ya soya?"

"Innata."

"Ta iya." Ya ajiye. Fuskarsa ta canja.

Na ɗauka Malama za ta zage ni, na ma shirya. Sai ta jawo takarda. "Nawa kike ba su? Kullum? Kin auna?"

"Kamar haka," na ce, na dunƙule hannu.

"Kamar haka," ta maimaita, ta dunƙule nata tana kallon sa. Sai ta yi wata dariya da ta fi kuka ciwo. "Kin san me kika yi? Kin yi mini binciken, kin ƙi rubutawa. Gyaɗa ta tashe su a sati uku, kuma ba ni da lamba ko ɗaya da zan nuna wa wani." Ta share ido da gefen mayafi. "Amma gara da kika faɗa. Da na yi wata guda ina neman laifin a wurin masu niƙa."

Bakina bai iya zama ba ko a ranar. Na juya wurin Malam. "Malam, ai sau biyu na tambaye ku. Kuka ce in bi kati. Katin ba abin da ke jikinsa sai lamba."

Ya ce, "Kin tambaya. Ya kamata in gaya miki, wannan nawa ne, kuma zan faɗa wa manya da bakina." Ya jawo littafin aikina ya buɗe satin ukun nan, inda sa hannunsa yake a ƙasan kowane shafi. "Amma da kin rubuta ƙuli-ƙuli a nan ranar farko, da kwana ɗaya muka yi asara. Ba zan sa hannu a bayan littafin nan ba. Ba don kin ciyar da su ba. Don sati uku littafin yana faɗin abin da ba haka ba, ni kuma ina sa masa hannu."

Na ce, "Yanzu su ya za a yi da su?"

"Waɗannan sun tashi daga aiki, sai dai masu koyo su riƙa koyon riƙo da su. Za a yaye wasu." Ya rufe littafin. "Wasu goma sha biyu ke nan za su ji yunwar da kika hana waɗannan."

Wannan ce ta shige ni, fiye da zancen sa hannun. Duk tausayin nan nawa, abin da ya haifa shi ne yunwar ta zama biyu.

Malam ya ce zaɓi nawa ne. In na so in tafi, ba wanda zai bi ni da magana. In na so in zauna, sabon littafi zan buɗe daga shafin farko, jarrabawa sai baɗi. Ƙanen Baba ya tare ni a bakin ƙofa ya ce na zubar masa da mutunci, in koma gida kawai, ana ɗaukar mata masu tsintar wake a Dawanau. Kafin Asabar labarin ya riga ni isa gari, ya rikiɗe ya zama cizo da sata.

Ban jira Asabar ɗin ba ma. Washegari bakwai ina ciki. Da Malam ya zo na ce masa zan zauna, amma ina da roƙo biyu. Na farko, sababbin masu jan katin ni za a ba, ba wani ba. Ni zan zuba musu farin abincin, ni zan ɗora su a sikeli kowace safiya ina kallo suna ramewa, har ranar da Malama za ta ce a fara kunu, kuma ni zan auna shi. Na biyu, a bar ni in rubuta a bayan kowane kati a ɗakin, da Hausa, abin da ake yi wa dabbar da dalili, don wata 'yar manomin da za ta zo bayana.

Malam ya ce, "Kin cika surutu." Ya buɗe durowa ya miƙo mini sabon littafi da damin katuna.

Ledar Inna kuwa na yanke ba za ta sake bi ta Dawanau ba. Na ce wa Malama ta rubuta mini yadda ake haɗin kunun nan, ta ce ba ta gama tabbatarwa ba tukuna, asibiti dai shi ne farko, amma gero da gyaɗa da waken suya ba za su cuci yaro ba. Na ninke takardar na sa a jaka. Ranar Asabar zan kai wa Yaya, in tsaya a kanta sai ta dama, in kuma ba ta kai yarinyar asibiti ba, ni zan goya ta mu tafi.